Dubu Uku da Ɗari Biyu

Minti na tamanin da tara, ƙwallo a ƙafata,
gola ya fito, raga a buɗe kamar ƙofar gidan suna,
sai ɗan wasana ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama,
kamar zalɓe a bakin gulbin Rima.
Ihun 'yan kallo ya maƙale a harafi guda,
rrrrr,
sannan allo ya rine shuɗi
ya rubuto mini ta'aziyya da Turanci.

Karo na huɗu ke nan tun la'asar.
Murtala ya aje abin bugawa yana dariya:
"Wanga inji ɗan'uwana na, ba ya bari a ci ni."

Na zargi zafi, don Mabera a watan Afrilu
ko ƙarfe sai ya nemi inuwa.
Na cire murfi, na kafa mata fankar ɗakin Inna.
Na zargi wuta, na zargi sola,
na goge gem ɗin na sake saukewa,
datar dubu shida ta tafi kamar ruwa a rairayi.
Ana bugun kwana ta sake somewa.

Luba mai gyara a Gawon Nama
ko kunnawa ba ta yi ba.
Ta zaro sandunan ram guda biyu
ta ɗaga su ga haske kamar mai duba jabun kuɗi.
"Wagga sabuwa ta, wagga ko gwanjo.
Guda na gudun dubu uku da ɗari shida,
guda iyakarta dubu uku da ɗari biyu,
kai ko ka shiga bayos ka ce su sheƙa tare.
Ka taɓa ganin an ɗaura bijimi da maraƙi ga garma guda?"

Na yi shiru. Na tuna daren da na danna maɓallin,
don wani yaro a bidiyo ya rantse gudun kyauta ne.

Ta ɓanɓaro ɗan batir mai kama da sule,
ta ƙirga talatin a ranta, ta mayar,
injin ya manta da kwaɗayina.
Ta goge haƙoran sandunan da kilinar fensir,
ɗaya a rami na biyu, ɗaya a na huɗu,
ƙas, ƙas.
Ta sauko da lamba zuwa inda mai rauni ke iyawa.
"Bar ta ta kwan tana gwaji.
In ka ga jan layi, ka dawo da kuɗin sabuwa."

Dare. Lambobi na tafiya a allo kamar jerin tururuwa,
ni ina gadi, sauro na gadina.
Sai ga Baba a bakin ƙofa da buta a hannu:
"Zayyanu, yau wace rana?"
Karo na uku tun isha'i.
Da can nakan juye masa komai a numfashi ɗaya,
rana, magani, asibiti, wa ya zo, wa ya rasu,
sai ya tsaya, ido a buɗe, buta a sama,
ba ya nan.

Yau na ce, "Laraba."
Na rufe bakina. Na jira.
Fanka ta juya, ta juya.
"Laraba," ya ce. "Kasuwar Acida ke nan.
Albasa buhu goma sha biyu na kai, shekarar da aka haife ka,
mota ta lalace mana a hanya."
Ya faɗi sunan direban. Ya faɗi har launin motar.

Da asuba allo ya nuna zagaye huɗu, kuskure babu.
Da yamma Murtala ya zo,
muka buga minti casa'in ba ko tuntuɓe,
ya zura mini uku, na rama ɗaya,
na waiga neman abin zargi
sai fankar Inna kawai, tana girgiza kai.